Hoton Baba Mai Numfashi

Tun farko Baba bai yarda hoto karatu ne ba. Ranar da na ce masa na samu shiga makarantar koyon zane da hoto, ajiye wuƙar yankan namansa ya yi, ya dube ni sama da ƙasa.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, "abin da kowane yaro yake yi da wayarsa a banza, shi za ki je ki zauna a aji ki koya?"

Na ce e. Ya ce to, ya ba ni shekara guda. In na ci jarrabawa, kuma ya ga abin da na koyo da idonsa ya gamsu, in ci gaba. In ba haka ba, gwaggona tana da shagon atamfa a kasuwar Mokolo, kuma ta daɗe tana neman mai taya ta auna yadi. Duk wanda ya taɓa wuni da gwaggona ya san abin da nake tsoro.

Malamarmu ta ajin farko wata siririyar mata ce mai gilashi, ba ta dariya sai da dalili. Da hoto marar motsi ta fara mu. Sati da sati muna ɗaukar ƙwai. Ƙwai guda ɗaya a kan tebur, yau haske daga hagu, gobe daga dama, jibi daga baya, wai mu koyi ganin inuwa. In na dawo gida Baba ya ce, "Yau me aka koya?" In ce ƙwai. Ya ce, "Dafawa ko soyawa?" Innata ta toshe baki da mayafi, ni kuwa in shige ɗaki ina huci.

Da shekara ta yi nisa muka koma bidiyo, kuma a nan jarrabawar ƙarshe take. Ƙa'idar malama ita ce a kafa kamara a kan ƙafafunta uku, kada a motsa ta, kada a yanke komai, kada a sa kiɗa. A ɗauki mutum a bakin aikinsa kamar bai san ana ɗaukarsa ba. "Pas de pose," take maimaitawa, wato ban da gyara zama.

Da na ji haka na san matar nan ba ta taɓa shiga Briqueterie da kamara ba. A unguwarmu mutum ba ya faɗawa hoto haka kawai. Sai ya yi wanka, ya ciro kayan sallah daga ƙasan akwati, ya fesa turare. Turare fa, sai ka ce takarda tana da hanci. Sannan ya ɗaure fuska kamar an aiko masa da sammaci, don a wurinmu hoto shi ke zama bayan mutum ya tafi.

Duk da haka Baba na zaɓa, don ban san wanda ya kai shi kyan gani a bakin aiki ba. Mai tsire ne. Da asuba yana mayankar Etoudi wurin sayen nama, da yamma yana bakin tukubarsa, hannu ɗaya na juya tsinke, ɗaya na barbaɗa yaji, bakinsa na tsokanar wannan da Fulatanci, na yi wa wancan ciniki da Faransanci. Ba ya tsayawa wuri guda ko na ƙiftawar ido. Kuskuren da na yi shi ne na gaya masa tun da safe. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Bayan la'asar na iso a bayan mashin, rungume da kamarar makaranta kamar jaririya. Me zan gani? Wuta na ci, tsire na jere a gefenta, amma mai tsiren babu shi. A gaban tukubar an ajiye kujerar falonmu, kuma a kanta wani Alhaji ne zaune cikin farar babbar riga mai aiki har ciki, da hula, da takalmin da ke matse masa ƙafa, hannuwa a kan gwiwa. Ƙamshin turarensa ya danne na yaji.

Na ce, "Baba, bidiyo ne fa. Mai motsi. Aikinka kawai za ka yi kamar kullum."

Ya ce, "Na ji. Ɗauka."

"Da kayan aikinka nake so."

"Da rigar maiƙo? Jikokina su gan ni da rigar maiƙo? Ɗauka, Uwata."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, to mu zuba, ai zai gaji ya tashi. Na kafa kamara, na kunna, na harɗe hannuwa. Shi kuma ya daskare yana jiran in ce an gama, don haka ya saba tun zamanin masu hoton da ke lulluɓa da baƙin ƙyalle. Taurin kai kuwa a wurinsa na gada, ba a makaranta na koyo ba.

Telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo, ya ga kamara, ya koma da gudu. Sai ga shi ya fito da hula sabuwa, ya zo ya tsaya bayan Baba, ya ɗora masa hannu a kafaɗa, shi ma ya daskare. Ban gayyace shi ba. Wani mai sayen tsire ya zo da kuɗinsa a hannu, ya ga ana hoto, ya gyara wuyan riga ya shiga layi. Ƙuda ya sauka a hancin Baba, ya yi yawonsa, ya huta, Baba bai ko motsa ba.

Can naman ya fara ƙonewa. Ƙauri ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe daga bayansu. Na ga hancin Baba yana buɗewa yana rufewa, ƙwayar idonsa tana son juyawa baya yana dawo da ita. Hawaye na zubo masa saboda hayaƙi. Ba tare da ya buɗe haƙora ba ya ce, "Uwata, naman."

Na ce, "To ka tashi ka juya mana, ai abin da nake jira kenan."

"Ki ɗauka tukuna."

Haka muka zauna, ni da shi, har tsinkaye suka fara kamawa da wuta. Ni na fara sarewa. Na ce, "An gama," na kashe kamara cikin haushi. Ina kashewa Baba ya yi tsalle, ya watsa hannuwan rigar a kafaɗa, ya auka wa tukuba yana zagin wuta da harshe uku, tela na yi masa fifita da sabuwar hula. Duk abin da na zo nema ya faru a gabana, kamara a kashe. Washegari wani ɗalibin ke da aron kamarar, Baba kuma ya ce asarar nama ɗaya ta ishe shi.

Haka na miƙa abin, ina jin kamar ma na fara auna yadi. Malama ta kalla har ƙarshe. Ta cire gilashi ta goge, ta sake kallo. Sannan ta shiga dogon Faransanci a kan lokaci da haƙuri da yadda mutum yake son a tuna da shi. Ta tambaye ni yaya na yi na shirya hayaƙin. Na ce ikon Allah ne. Na ci jarrabawa, har aka zaɓi aikin cikin waɗanda za a nuna wa iyaye.

Saura Baba. Ranar nunin ya zo cikin rigar nan dai, da turaren nan. An haska shi a bango, ƙato, ya fi ƙofa tsayi. Mutane suna kallo, shi ma yana kallo, ni kuma shi nake kallo.

Ya ce, "Shi kenan?"

Na ce shi kenan.

"Na ƙifta ido. Ga ƙuda. Ga shi kamar ina kuka. Wanda ya ɗauke mu ni da innarki a unguwar Madagascar sau ɗaya ya danna, kuma har yau ba wanda ya ga ƙuda a ciki."

Muka shiga tasi. Na riga na haƙura, har ina tunanin da wace gaisuwa zan shiga shagon gwaggo. Sai da muka sauka a bakin lungunmu ya ce, "Shekara guda ba ta ishe ki ba, Uwata. An ga fuskata a bango da ƙuda. Ki koma ki koya da kyau, ki zo ki ɗauke ni na kirki."

Na koma. A shekara ta biyu na ɗauke shi na kirkin, ido a buɗe, ba hayaƙi, ba tela. Hoton nan ne a rataye a falonmu tun rasuwarsa, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya yaba. Amma Innata ba shi take kallo ba. In gida ya yi shiru sai ta ce, "Kunna mana mai numfashin." Ta matso kusa, tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka a ƙarƙashin aikin rigar. In aka zo inda yake cewa "Uwata, naman," sai ta juyo ta harare ni.

"Ke ma dai," take cewa, "ki ƙyale bawan Allah ya tashi mana."