Inna Ta Danna Ɗaya

Har yau in na ji muryar na'ura a waya tana cewa a danna lamba, raina ɓaci yake yi.

Shekarar da hawan jini ya matsa wa Inna, aka sa ta cikin masu gwajin sabon magani a wani asibiti a nan Wudil. Ni na kai ta. Suka ce ba sai ta riƙa wahalar zuwa daga Utai ba, kullum da safe na'ura za ta kira ta da Hausa ta tambayi jikinta. In lafiya, ta danna ɗaya. In da damuwa, biyu. Na koya mata, na dawo gidana ina yaba zamani.

Wanda ya tsara abin nan, wallahi bai taɓa zuwa dubiya a ƙasarmu ba. Wace dattijuwa za a ce wa yaya jiki ta ce babu sauƙi? Mu sai mun zauna, mun tambaya sau uku, mun duba ido da ƙafa, sannan gaskiya ta fito. Na'ura kuwa sau ɗaya take tambaya, ta yi godiya.

Bayan 'yan makonni na je Utai. Na tarar ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga, tana tafiya tana dafa bango.

"Inna, tun yaushe?"

"Ai da sauƙi, 'yar nan."

"Me kike danna wa wayar?"

"Ɗaya mana. Ina ci, ina salla, sai in ce wa baiwar Allah ba ni da lafiya? Ai butulci ne."

Baiwar Allah! Har gaishe ta take yi.

A asibiti jami'in binciken ya juyo min kwamfuta, ɗaya ce jere tun daga sama har ƙasa. "Hajiya, mu ba mu ga matsala ba. Me ya hana ta danna biyu?"

Na ce, "Ku kuma me ya hana ku kiranta da bakinku ko sau ɗaya?" Na yi ta faɗa har mutane suka leƙo, ko kunya ban ji ba.

An tsayar da maganin, amma ƙodarta ta riga ta taɓu. Yanzu Kano muke zuwa wankin ƙoda. Abin da ya fi ci min rai shi ne, duk makonnin nan ni ma ta waya nake gaishe ta, ta ce da sauƙi, ni kuma in yarda.