Ranar da Injin Masallaci Ya Sha Mai

Na daɗe ina ladanci a ƙauyenmu, can bayan Faskari. Da mutanen daji suka fara shigo mana, sai dattawa suka ƙara mini aiki: duk wanda ya hango babura ya rugo masallaci, ni kuma in tayar da janareta in sanar a lasifika, don na gona su watse.

Injin ɗan ƙarami ne, hannu ɗaya ke ɗaukarsa, na kuma san shi kamar yunwar cikina. A buɗe makullin mai, a danna makunni, a tura cok, wato ɗan ƙarfen da ke toshe masa iska, sannan a fizgi igiya. Amma cok sai inji ya yi sanyi. Ka tura wa inji mai zafi, sai ya sha mai ya ƙi tashi. Sau nawa na yi wa na'ibin liman tsiya a kan wannan, ina cewa hannunsa na jan carbi ne kawai.

Wata rana da damina, mun idar da la'asar ke nan na kashe inji, sai wata mata ta faɗo harabar masallaci ko mayafi babu.

"Malam, ga su can sun biyo bakin rafi," in ji ta.

Ƙanena yana gonarmu ta hayin rafin yana huɗar dawa, kuma in ba lasifika ba, babu muryar da ke kaiwa can. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ruga wurin inji, hannuna ya kama yin abin da ya saba yi da asuba. Na fizgi igiya, inji ya yi tari ya yi shiru. Na yi ta fizga har warin fetur ya cika wurin, sannan idona ya kai kan cok. A ture yake. Na mayar da shi, amma aikin gama ya gama.

Na haye katanga na yi ta kururuwa da bakina. Na cikin gari suka ji, suka tsira. Na hayi ba su ji ba, aka tafi da su har da ƙanena.

Kwana biyu bayan nan Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni ɗakinta.

"An ce mani injin ne ya lalace," ta ce. "Ka hwaɗa ma liman a sake wani, kada ya ja ma ɗiyan wasu."

Na ce to. Injin lafiyarsa lau, kuma har yau ban iya gaya mata ba.