Gafiya Mai Gemu da Bangon Dam Ɗinmu

Kai jama'a, ku bar batun kai ƙara, ku zo ku ji yadda kakata ta rama! Iya Dije, Allah ya jiƙanta, 'yar firit ce, ko tulu ba ta iya ɗagawa, amma da tatsuniya kawai ta durƙusar da ƙaton mutum.

Ƙauyenmu yana can bayan Dutsi, in ka sauka daga kwalta sai ka yi ta fama da yashi. Ruwanmu kaf daga dam ɗaya ne, bangon ƙasa aka yi aka tare rafi. Shi muke sha, shi shanu suke sha. To akwai wani Sale mai tubali. Ya gano ƙasar bangon nan ja ce, a daddanne, in ka buga tubali da ita sai ka ce dutse. Sai ya riƙa zagayawa ta baya da jakinsa yana haƙa. An yi magana har an gaji, amsarsa ɗaya ce: "Haba, mangala ɗaya ce kawai."

Damina ta yi ƙarfi, dam ya cika, bango ya ɓalle daidai inda ya rarake. Ruwanmu na shekara ya tafi muna kallo. Da rani ya shigo, mata suka koma ɗebo ruwa a rijiyar wani gari mai nisa. Ummata tana da ciki. Ta faɗi a hanya da jarka a kai, cikin ya zube. Namiji ne.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa zancensa alƙali. Babana ya ce zai kai ƙara. Iya ta ce, "A yi masa bulala ya tashi ya kakkaɓe riga? Bar mini shi."

Ran nan bayan an ci tuwo, ta ce kar a kashe murhu. Ta zuba gyaɗa a toka, ta sa aka kira yaran maƙwabta duka. Ta dube ni ta ce, "Maigida, matso nan, ga wata sabuwa fil na kawo muku."

Wai dabbobi suka yi gayya suka tare ruwa da bango. Giwa ta daddanna da ƙafa, kowa ya sha ya ƙoshi. Sai ga wata gafiya mai gemu.

"Iya, gafiya da gemu?" in ji ƙanwata Hanne.

"Tawa tana da shi. Har jaki gare ta. Yi mini shiru."

Kullum gafiya ta je ta yagi bangon ta gina ɗaki. Kwaɗo ya ce, "Ke, ruwa yana tsatstsafowa fa." Ta ce mangala ɗaya ce kawai. Yadda Iya ta shaƙe murya ta faɗi wannan, wallahi har manyan da ke zaure sai da suka fashe da dariya. Bango ya ɓalle, ƙishi ya kashe ɗan barewa tun bai iya tsayuwa ba. A nan Iya ta shiga tona wuta, Umma ta tashi ta shige ɗaki. Dabbobi suka kama gafiya, kura ta ce a cinye ta. Barewa ta ce a'a, a mayar da ita ɗakinta. Tana kwanciya sai tubalan suka fara waƙa:

"Mayar da ni, mayar da ni,
Ba nan ne gidana ba.
Gafiya, mayar da ni!"

Ta toshe kunne, suna yi. Ta gudu gidan wani, nan ma tubalinta ne, suna yi.

"Iya, sai ta mutu?" na tambaya.

"Wa ya ce ta mutu? Mutuwa ai hutu ne."

Kashegari waƙar ta cika gari. Yara suna yi a bayan katangar Sale. Mata suna yi a hanyar rijiya, su ma da jarkoki a kai. Mai son gini ya daina zuwa wurinsa, wa zai kwana a ɗaki mai waƙa? Har 'ya'yansa aka kama suna rerawa. Ƙarshe ya yi sallama gidanmu da rana tsaka, ya tsuguna.

"Iya, don girman Allah ki janye mini yaran nan."

"Ni labarin gafiya nake yi. Kai gafiya ne?"

"Iya, abin da ya faru ƙaddara ce."

"Ƙaddara ba ta da jaki, Sale."

Ranar da gari ya fito gayyar gyaran bango, shi da jakinsa suka riga kowa, su ne kuma ƙarshen tashi. Babana ya ce, "To Iya, ya isa haka." Ta ce, "Ƙasa ya mayar. Jikana fa?" Har ta bar duniya ba ta daina ba da labarin nan ba, ko gemun ba ta cire ba.

Ni ban yi karatun injiniya ba, sakandare na tsaya, a waya nake bin abin. Na karanta cewa dam na ƙasa ba ya faɗuwa haka siddan, ɗan rami ne ko saiwar bishiya, kuma in ka ga ruwa mai laka yana tsatstsafowa a gindin bango, to cikinsa ake ci. Ina karantawa ina cewa, ai kwaɗon Iya ya faɗa! Malaminmu ya ce yafiya ta fi lada, kuma ban musa ba. Amma duk ranar da na ga Umma ta zuba wa samarin da suke sa'annin ɗan nan ido, sai in ji ni ma ban yafe ba. Yau a garinmu ko tunkiya ba a ɗaurewa a jikin bangon nan.

Ku fa, wa yake cin bangon dam ɗin garinku, kuma me kuka yi masa? Ku ba ni labari. Sannan ku faɗa mini tsakaninku da Allah, da kai ne ka binne wannan jaririn, da ka yafe?