Litinin Ɗin da Jerin Haliru Ya Fito Fayau

A ƙaramin asibitin nan na gefen Kaoje, Haliru ne mai kula da kwamfuta. Mutum ne mai son tsari har ya yi yawa, ko tabarma ya gani a karkace sai ya gyara ta. Shi ya dasa wani ɗan umarni a rumbun bayanan marasa lafiya: da an taɓa layin bayanan mutum, kwanan watan ranar zai hau da kansa. Duk Litinin na'urar kan fitar da sunayen masu tarin fuka da layinsu ya kwana talatin ba a taɓa ba, wato sun daina zuwa karɓar magani. Sai Batulu, ma'aikaciyar lafiya, ta hau babur ta bi su har ruga. Shekara uku ana haka, kuma Haliru bai gaji da ba da labarin ba.

Rabin mutanen nan layin wayar ƙasar Benin gare su, don can suke kiwo. Abin ya daɗe yana ci wa Haliru rai, lambobi a cakuɗe ba a san na wace ƙasa ba. Wata Alhamis ya zauna ya ƙara wa kowace lamba alamar ƙasarta, duka a bugu ɗaya. Umarnin ya yi abin da aka sa shi. Layin bayanai ɗari huɗu suka koma kamar a ranar masu su suka zo.

Litinin jerin ya fito fayau. Haliru har da murna, wai jama'a sun waye.

Akwai Manu, makiyayi, wanda ranar gyaran ya kwana ashirin da takwas bai zo ba, tari ya kwantar da shi a hayin iyaka. Sai bayan wata guda sunansa ya fito. A wannan karon Haliru ya bi Batulu, don ya riga ya gane abin da ya aikata.

Suka tarar an kwana tara da binne shi. Matarsa Hamsatu ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo nono.

"Na so mu kai shi da amalanke, Malam," in ji ta. "Shi ya hana. Yac ce mu dakata, mutanen asibiti suna nan tahe, ba su taɓa mance shi ba."

Haliru ya riƙe ƙwaryar, ya kasa kai ta baki.