Irin Gyaɗar da Iya Ta Soya

Akwai wata mata mai suyar gyaɗa a bakin layinmu. Ƙamshin ina iya jure shi. Ƙarar ce ke tsaya mini a rai, wannan ƙarar ta cokali yana kartar rairayi a gindin kasko. Da na ji ta sai in ganni a unguwar Kambarawa, cikin Katsina, ina 'yar shekara goma, a durƙushe ina hura wuta.

Mu Hausawa ne Kirista, kuma gidanmu kaɗai ne na Kirista a layin. Mahaifina ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, dattijo a majami'a, irin mutanen nan da idan gaskiya ta faɗo hannunsu sai kowa ya ji a jikinsa. Albashi bai taɓa riƙe gidanmu ba. Gona ce ke riƙe da mu, can wajen Batagarawa, kuma abin alfaharin gonar wata gyaɗa ce 'yar ƙarama, ja, mai yawan mai, wadda kakanmu ya taho da irinta daga ƙauye. Ba a samun ta a kasuwa. Kowace kaka sai a ware iri a zuba a tuluna biyu, a barbaɗa toka, a liƙe baki da laka. Ajiyar tulunan nan aikin Iya ne.

Iya matar wan mahaifina ce. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, ta zauna tare da mu, ni kuma aka ba ta ni 'yar ɗaki. Ɗa ɗaya ta haifa, ya shiga soja, aka tura shi wata ƙasa kwantar da tarzoma. Akwatin kayansa kawai aka kawo mata, aka ce ya rasu a can. Babu gawa, babu kabarin da za ta je ta tsaya a kai. Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ko'ina ka juya ana cewa za su koma bariki. Iya takan ji haka a rediyo ta tashi ta shige ɗaki.

Ana cikin zafin bazara wani baƙon mai wa'azi ya sauka garin. Majami'armu ta hana shi mumbari, sai ya kama wani kango yana tara mata da la'asar. Ya ce ya yi lissafi: ga tara uku sun jeru a lambar shekarar, ga masu bindiga sun ajiye sarauta, alamu sun cika. Ya yanke rana, wata Asabar, da tsakar rana. Ya ce ranar matattu za su tashi, na tudu da na ruwa, har waɗanda ba a san inda aka binne su ba. Wannan ta ƙarshen ita ta kama Iya.

Mahaifina ya ja mata kunne sau ɗaya, a tsaye, yana ɗaure igiyar takalmi. Da can akwai wasa tsakaninsu, irin na matar wa da ƙanin miji, amma ranar babu.

"Yaya, ranar ga ba a ba kowa saninta ba. Ko mala'iku. Wanda duk ya ce maki ya ƙirga ta, maƙaryaci ne. Kar in ƙara jin kin taka kangon can."

Ta ce to. Gaskiya ya faɗa, haka aka koya mana, haka nake koya wa 'ya'yana yau. Sai dai bai tambaye ta abin da ke kai ta kangon ba, kuma ya sani sarai.

Mahaifiyata ta tafi gidansu haihuwa. Shi kuma an sa su aikin shirye-shiryen rantsar da sabuwar gwamnati, tun safe sai magariba. Gida ya zama daga ni sai Iya da ƙannena. Ana saura kwana uku ta fasa lakar tulunan. Ta ce babu sauran shuka, ai gara yara su ci da a bar wa wuta.

Kada ku ce yarinta. Na san mene ne iri. Na san sau nawa aka zane ni don na zagaya kusa da tulunan nan. Kalma ɗaya zan faɗa wa mahaifina da magariba, a tsirar da tulu ɗaya. Ban faɗa ba, domin shekara da shekaru ina haɗiyar yawu a kan gyaɗar nan, ga shi an buɗe mini ita. Ni na ɓare, ni na ɗebo rairayi, ni na hura wuta. Muka soya ta kasko bayan kasko. Iya ta zauna a ƙofar gida tana cika wa yaran layi hannu, kyauta. Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta katanga, ta ji dalili, ta riƙe haɓa.

"Ashe ku ma kuna da irin waɗanga malamai? Baiwar Allah, sanin sa'a sai Allah. Ki rage ko tiya guda."

Iya ta yi murmushi ta miƙa mata kwano.

Ranar Asabar ta yi wanka tun hantsi, ta ɗaura zanen zumuntar matan majami'a, ta dafa dambu da zogale, abincin da ɗanta ya fi so, ta rufe a akushi. Ta shimfiɗa tabarma gindin darbejiya tana fuskantar gabas. Ni kuwa ina ɗaki ina binciken ko da sauran soyayya. A ƙarƙashin katifarta na taɓo wata koriyar safa ta soja, an ƙulle bakinta. Gyaɗa ce a ciki, ɗanya, kamar cikin tafi biyu. Na zauna a bayan ƙofa na cinye ta tas. Har yau ina jin zaƙinta, da ɗan garɗin toka. Na mayar da safar inda take.

Rana ta take tsaka. Aka kira azahar a masallacin layi, aka kira la'asar. Inuwar darbejiya ta bar ta, ba ta matsa ba. Kaji suka ture murfin akushin. Mai wa'azi, daga baya muka ji, tun Juma'a aka gan shi a tasha.

Kwana huɗu bayan haka ruwan shuka ya sauka, mai ƙarfi, ƙasa ta yi wannan ƙamshin da ke sa manomi ya kasa zama. Mahaifina ya ce a fito da iri.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya leƙa tulu, ya leƙa ɗayan, ya juyo gare ni.

"Ke, kina ina aka yi wannan?"

Na ce ina makaranta. Iya tana tsaye, ba ta ƙaryata ni ba.

Mahaifina ya kai ƙararta gaban dattawan majami'a, shi da kansa, yana cikin masu zaman shari'ar. Suka zo gidanmu ranar Lahadi da yamma, aka jera musu kujeru a tsakar gida, ita tana kan tabarma. Abin da ake shirin yi mata shi ne horo: a hana ta cin jibin Ubangiji a majami'a, a karɓe zanen zumunta, ta koma bencin baya har sai an ga tubanta. Macen da ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta da komai sai wannan zanen da tulunan nan biyu. Ta amsa laifinta, kanta a ƙasa. Sannan ta ɗago.

"Ban soye duka ba. Hannuna ya ƙiya. Na rage kaɗan, shina nan, zai isa a tada iri."

Na ga fuskar mahaifina ta saki. Wani tsoho cikin dattawan ya ce to, ashe ma zuciyarta ba ta sakankance da maganar mutumin ba, a sassauta. Iya ta juyo.

"Ɗiyata, ɗauko mani safar yayanki ƙarƙashin katihwa."

Na tafi, na ɗauko, na miƙa mata da hannu biyu kamar 'yar kirki. Ta kwance ƙullin ta zazzage. Toka ta zubo, da ɓawo biyu. Ta dube ni. Ba ta daɗe tana dubana ba, amma ta gane, na kuma san ta gane. Ta naɗe safar ta ɗora a cinyarta.

"Ga bin annabin ƙarya, ga ƙarya a gaban dattawa," in ji mahaifina. "Mi ya rage?"

Aka yanke mata horo, babu wa'adi.

Abin da ya biyo baya ya fi muni, kuma ni na jagorance shi, don na ga idan ina cikin masu dariya ba wanda zai dube ni. Ni na ƙirƙiro gaisuwar. Da safe sai in durƙusa har ƙasa: "Iya, ina kwana? Ina gajiya? Ya gida? Ya tashin duniya?" Ƙannena suka ɗauka, yaran layi suka ɗauka, waɗanda suka ci gyaɗarta har suka yi zawo. Manya suna jin mu, su kau da kai suna murmushi. Ita kuwa amsawa take yi, "Lahiya lau, ɗiyata," ta kuma ci gaba da yi mini kitso duk Asabar.

Damina ɗaya ta yi a bencin baya. Mun shuka gyaɗar kasuwa, fara, mai ɗanɗanon alli, duk lomar da mahaifina ya kai sai ya yi tsaki. Da kaka ta yi aka zuba iri a buhu aka kai ɗakinsa. Iya ta ɗaure kayanta ta ce za ta je ganin ƙaninta a ƙauye. Can ta rasu bayan shekara biyu, ba a ɗage mata horon ba. Safar ba ta cikin kayan da aka dawo da su.

Yanzu masu yanke rana ba sa bukatar kango. A waya suke shigowa, kusan kowace shekara da sabon lissafi, matan zumuntarmu su turo mini, in amsa musu da maganar mahaifina, kalma da kalma. Gonar Batagarawa an yanka ta filaye. Jar gyaɗar nan na neme ta kasuwa-kasuwa, ban ƙara ganin ta ba.

Mahaifina yana nan da rai, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Duk zuwan da zan yi Katsina da niyyar faɗa masa gaskiya nake tafiya, kullum kuma sai in ce sai wani zuwan, kamar an ba ni sanin ranarsa. Wancan watan na kai masa yarana. Ya tara su ya ba su labarin Iya don su yi hankali da masu wa'azin ƙarya, ya kai wajen safar, ya yi dariya har da tari.

"Toka ce a ciki," ya ce. "Ku tambayi uwarku, ita ta ɗauko."

Yaran suka juyo suna dubana. Na ce haka ne, na tashi na ɗebo masa ruwa.