Takardun da aka samu a akwatin Yaya Sahabi

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da na shigo muku da dogon rubutu alhali ba ku san ni ba. Sunana Hajara, ni ce ƙanwar abokin karatunku, Malam Sahabi na Gummi. 'Yarsa Nafisa ta ce mini a wannan zaure na waya ne tsofaffin ɗaliban kwalejin malamai suke gaisawa, kuma ita za ta sa muku abin da na rubuta. Bokona na ajin manya ne, sai ku yi haƙuri da shi.

Ina tsakar gida a Nasarawa Burkullu bayan azahar, ina shanya geron da ruwa ya taɓa, sai matarsa Luba ta kira ni. Ta ce, "Hajara, sai haƙuri. Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ruwa ya ɓata hanya a ranar, sau biyu muna sauka ana tura babur. Da na isa Gummi an riga an dawo daga maƙabarta. Ban ga fuskarsa ba.

Kun san shi yana saurayi, ni kuwa na san shi tun yana goya ni zuwa makarantar allo. Mutum ne marar yawan magana a cikin taro. Shekarun da ya yi yana koyarwa a Anka, in damina ta yi ƙarfi yakan tsaya a bakin rafi da safe, wando a naɗe, har sai ɗalibi na ƙarshe ya ƙetare. Ban taɓa jin ya faɗi wannan da bakinsa ba, wata mata ce ta gaya mini a wajen gaisuwa. In an kawo masa ƙarar wani, yakan ce, "Bari mu ji ta bakinai tukuna." Haka yake har ga yara.

A kwalejinku ya fara kallon wani wasan talabijin na Turawa, na wasu matafiya da ke yawo a jirgi tsakanin taurari, suna sauka a duniyoyi suna tarar da halittu iri-iri. Ya ce wasan ya girme shi, kuma har ya tsufa ana ci gaba da yin sa. In ya zo hutu, bayan la'asar, sai ya zauna bakin rumbun Inna ya ba ni labarin. Ni ba a sa ni boko ba a lokacin, sunayen Turanci ba sa zama a bakina, don haka ya raɗa musu namu. Akwai Na-cikin-tulu, wanda duniyarsu ta ƙafe, abokan tafiya suke ɗaukarsa a cikin ruwa duk inda za su. Akwai Masu Rini, da ba su da baki, sai dai fatarsu ta sauya launi a gane abin da suke nufi. Akwai mutanen ƙarfe da ba sa iya mantuwa, shi ya sa ba sa iya yafiya.

Na taɓa tambayarsa, "Yaya, wanga abu ba ƙarya ba ce? Muna da zunubi?"

Ya yi dariya ya ce, "Malama, ƙarya ce, amma tun daga ƙofa ta hwaɗi sunanta. Ba ta cuci kowa ba."

Malama yake kirana, don tsokana. Duk halittar da ya kawo, tambaya uku nake yi masa: mene ne sunanta, ina take zaune, me take tsoro. Har ya saba, kafin in buɗe baki ya jero mini amsa.

Da aka kai ni ɗakin miji a Nasarawa Burkullu, inda babu wuta balle talabijin, bai daina ba. Ya koma rubuto mini, da ajami, don shi kaɗai nake iya karantawa. Kowace takarda halitta ɗaya: suna, mazauni, abin tsoro, sannan labarinta, da zanenta a ƙasa. Ya yi ta bin wasan daga kaset zuwa faifai, takardu kuma suna zuwa ta hannun masu zuwa kasuwa.

A nan ne laifina biyu suke, kuma gara in faɗe su da bakina. Na farko, na aika masa cewa malaminmu ya hana zana abu mai rai. Bai yi mini gardama ba. Daga ranar, duk zanen da ya yi sai ya ja layi a wuyansa, yadda ake yi don kada sura ta cika. Na biyu, ba na iya barin takarda mai haruffan Alƙur'ani a ɗakin da awaki ke shiga, yara ke ja. In na karanta sau biyu ko uku, sai in mayar masa ya ajiye a akwatinsa na ƙarfe. Ko ɗaya ban riƙe ba.

Wadda na fi jin zafin mayarwa ita ce ta Mai Fitila. Shi kaɗai ya rage a cikin jinsinsu, yana tsaron wata tasha a bayan taurari, kullum yana kunna fitila saboda jiragen da suka daɗe da daina bi ta wurin. A gurbin abin tsoro Yaya ya rubuta cewa yana tsoron ranar da wani zai zo ya tarar da duhu. Shekarar da na rasa ɗana na fari ya aiko mini da ita. Bai ƙara ko kalma ta ta'aziyya a ciki ba, ya riga ya yi wannan da baki.

Da ciwon suga ya taɓa idanunsa, kallo ya tsaya, rubutu ya tsaya. Faya-fayen suka lalace aka zubar. In na je Gummi, ni nake ba shi labaran da ya ba ni, yana gyara mini inda na kauce.

Ranar sadakar uku aka buɗe akwatin a zaure, a gaban maza. Kawunmu Ɗanjumma, ƙanen Inna, shi ne babba a gidan yanzu, kuma malami ne mai tsoron Allah. Ya ɗauko takardu ya karanta. Ya ga sunaye da ba na mutane ba, da mazauni, da abin da kowanne ke tsoro, ga siffofi an yanke musu wuya. Duk wanda ya taɓa ganin kundin masu kiran aljanu ya san haka ake jera su. Kafin magariba maganar cewa Yaya yana kiran aljanu ta shigo cikin gida, mata suna raɗa. Ina zaune ina ji, kunya da nauyin manya suka ɗaure mini baki. Sai washegari na sami Kawu na durƙusa.

Na ce, "Kawu, takardun nan nawa ne. Wasan talabijin ne yake ba ni labari."

Ya ce, "Mi ne sunan wasan?"

Na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba, ban taɓa tambaya ba.

Ya ce, "Hajara, ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ke ƙanwatai ce, in ba ki kare shi ba wa za ya kare shi? Layin ga da anka ja ma wuyansu fa?"

Na gaya masa ni na sa. Ya ce ya ji. Ya ce in kawo mutum ɗaya da ba ɗan gida ba, wanda ya ga wasan da idonsa, shi da kansa zai tashi a masallacin unguwa ya wanke sunan Sahabi. In ba a samu ba, bayan sadakar arba'in zai ƙone su ya binne tokar, yadda ake yi wa rubutun da ake shakka, don ya sauke wa mamaci nauyi.

Ba na zargin Kawu, da zuciya ɗaya yake yi. Sai dai in an ƙone su a haka, maganar ta tabbata ke nan. Luba tana takaba, kuma tun ranar akwai matan da in sun zo gaisuwa ba sa shan ruwan gidan. Ita ba ta taɓa zama ta kalla tare da shi ba, ta ce Turancin yana sa ta barci. Nafisa ta nema a waya da sunayen da na sani, ba ta sami komai ba, don sunayen namu ne mu biyu. Yanzu saura ni.

Ya Allah ka jiƙan Sahabi ɗan Inna, ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinsa, ka sanya haske a ciki, ka sauƙaƙa masa tambaya. Yaran da ya tsaya wa a bakin rafi da waɗanda ya koya wa karatu, ka sa su zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Luba haƙuri, ka raya Nafisa da ƙannenta a kan gaskiya, ka kare musu sunan mahaifinsu. Ka saka wa Kawu da alheri a kan niyyarsa. Ni kuma ka yafe mini shirun da na yi a ranar. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Roƙona gare ku ɗaya ne. In akwai wanda ya zauna tare da shi a ɗakin kallo na kwaleji, ya tuna halittar da ake ɗauka a cikin ruwa, ko marasa bakin nan, ko mai tsaron tasha, don Allah ya amsa wa Nafisa a nan. Ba sai ya zo Gummi ba, Kawu ya yarda ya ji ta waya. Arba'in ɗin Juma'a ta sama ce. Don Allah ku amsa da wuri.