Ɓerayen Yaya da Tsinken Tsintsiya

Mamanmu ba ta taɓa neman tsumma don sauke tukunya ba. Da hannu take ɗauka, tana yi mana dariyar raki. Babanta ma, in ji ta, yakan taka garwashi a gonarsu ta Shabu bai sani ba, sai an ji ƙauri. Abin alfahari ne a gidanmu.

Wani hutu cikin shekarun tamanin, yayana ya dawo garin Lafiya daga jami'a da keji, fararen ɓeraye shida a ciki. Matar da ta ƙare rayuwarta tana bin ɓera da taɓarya, ga ɗanta na fari yana ciyar da su da gyaɗarta.

"Likitan ɓera, karatun ke nan?" ta ce. "Da ka faɗa, ai da na tara maka na ɗakin doya."

Yaya ya ce uku lafiyarsu lau. Sauran ukun 'yan gida ɗaya ne, sun gaji raunin jijiyar da ke sanar da jiki zafi, shi ya sa suke gwaguyar kansu har gyambo ba su ji ba. Ya taɓa tafin ƙafar kowanne da tsinken tsintsiya. Uku suka zabura, uku ko gezau.

"Waɗannan jaruman dangina ne," in ji Mama.

Ni na yi dariya har da riƙe ciki. Yaya bai yi ba. Gyambon diddigenta yake kallo, wanda tun damina ya ƙi warkewa.

"Mama, rufe ido."

Ta rufe tana mita. Ya tsikari ƙafarta sau biyar, tana ba mu labarin tsadar agushi. Daga ranar ya kafa mata doka: takalmi ko a tsakar gida, tsumma a bakin murhu, duba ƙafa kowace safiya. Ni aka naɗa 'yar sanda, kuma na ji daɗin muƙamin fiye da kima.

Ran da zai koma ya kira ni da tsinkensa a hannu. Na miƙa ƙafa ina taƙama, ni da aka sani da raki. Na rufe ido, na jira, har na gaji.

"Yaya, ka fara mana."

Da na buɗe ido, tsinken na kan babban yatsana har ya lanƙwashe. Tsoro ya kama ni. Mama ta tuɓe takalminta ta turo mini.